Idon Hajiya Kulu

Har na yi ritaya ban manta da ranar Talatar da aka tura ni gidan Hajiya Kulu a Arkilla ba. Lokacin ina ƙaramar jami'ar jin daɗin jama'a. Idan aka yi ƙarar riƙon yaro, alƙali kan aike mu mu duba gida, mu rubuto abin da muka gani.

Ƙarar a kan Nana ce, 'yar shekara bakwai. Iyayenta sun rabu, uwar ta sake aure, kuma a shari'a riƙo yakan koma hannun kaka ta wajen uwa, wato Hajiya Kulu. Uban, Malam Bello, direba a Kalambaina, ya ce tsohuwar ba ta gani, don haka a ba shi 'yarsa. Ita kuwa ta aiko cewa idonta garau. Magatakarda ya miƙo mini fayil ya ce, "Hadiza, je ki gano muna gaskiya."

Ni dai akwai ni da bin ƙwaƙƙwafi. Ina yin sallama Hajiya ta ce, "Maraba da mai shuɗin mayahi." Na ce a raina, to, Bello ya yi ƙarya. Gida a share, kan Nana da sabon kitso. Sai dai na lura yarinyar ba ta barin gefenta, kuma bakinta ba ya hutawa: "Kaka, ga tabarma dama gare ki. Kaka, baƙuwa ta aje jakka." Wace irin yarinya ce ke ba da labarin abin da kowa ke gani?

Na aiki Nana ta ɗebo mini ruwa. Tana fita na miƙa wa Hajiya biro ban ce komai ba. Hannuna ya gaji a sama, ita tana ta yi wa bango murmushi.

Da shirun ya yi yawa ta ce, "Kin gane ko, ɗiyata? Shekara guda ke nan. Kar ki rubuta. Ita ɗai ta rage min."

Na tambaye ta batun makaranta. Ashe tun bara Nana ba ta zuwa.

Wallahi na tausaya mata, har abinci na kasa ci ranar. Amma na rubuta, har da maganar makarantar. Na kuma ƙara abin da ba a tambaye ni ba: yarinyar tana cikin tsabta da ƙauna.

Ranar zaman kotu alƙali ya karanta rahotona, ya nemi ƙanwar uwar, wadda ke bin kaka a jerin masu riƙo, aka ce tana aure a nesa. Sai ya juya ga Nana ya tambaye ta ko tana son komawa makaranta. Ta ce tana so. Sai ta ƙara da cewa, "To wa za ya hwaɗa ma Kaka inda rijiya take?"

Malam Bello, da ya shigo yana huci, ya sunkuyar da kai. Aka ba shi riƙo, da sharaɗin Nana ta riƙa yin Alhamis da Juma'a wajen kakarta. Washegari shi da kansa ya kai birkila aka rufe bakin rijiyar.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin jami'ai, idan kun je duba gida kada ku tsaya ga shara da kitso. Ku duba aikin da yaron ke yi a gidan. Ni sau biyu na karanta rahotona kafin in miƙa, kuma babu rijiyar nan a ciki.