Waken Masar na Inna Tumba

Inna Tumba ce ta haifi Babanmu, ni kuma sunanta aka sa mini. Shi ya sa a gidanmu na Ƙofar Rini ba mai kiran sunana. Uwani ake ce mini, ita kuma ta ce "takwara".

A bayan ɗakinta akwai garka, 'yar ƙarama, amma ba abin da babu a ciki. Babban abin shi ne waken Masar, wake ne mai tashi kamar itace ya wuce tsawon mutum, ya shekara uku ko huɗu yana 'ya'ya. A ƙarƙashinsa kabewa na yaɗo, ga kuɓewa, ga yakuwa, kaji na tono a tsakani. Ruwan wanke-wanke duk can yake gangarawa. Ganyen da ya zuba ba ta yarda a share, wai abincin ƙasa ne. Wanda ta sassabe awaki su ci, rassan kuma su bushe su shiga murhu. Mahaifiyata, mai son tsakar gida fes, ta sha cewa wannan ba garka ba ce, juji ne da aka yi wa shinge. Inna ko a jikinta. Irin waken daga wurin uwarta ta gada, wadda ta tsallake shekarun fari da shi, jaja ne mai ɗigon fari, ba ya jimawa a tukunya, kuma ban taɓa ganin irinsa a kasuwa ba.

Waken yakan nuna ne lokacin sanyi. Bayan an ci tuwo sai ta hura wuta a ƙofar ɗakinta, ta juye mana kwanson wake a tabarma. Tatsuniyar Inna ba kyauta ba ce, da ɓara ake biya. Wanda hannunsa ya tsaya, bakinta ma sai ya tsaya, har sai sauran sun dungure shi.

Ina shekara goma kuɗin fetur suka shigo gari. Gwamnatin soja ta yi ƙarin albashi, Baba da ke aikin akawu ya sayi babur, ya sayi rediyo mai cin kaset. Baƙi suka cika Sakkwato suna neman ɗakin haya. Wata ranar Laraba sai ga buhunan siminti an jibge a zaure. Ɗaki uku za a gina, kuma babu wani fili a gidan sai garka.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji Baba. "Shinkahwa ta cika kasuwa. Wa ka wahala da wake yanzu?"

Da yamma Inna ta hura wutarta kamar kullum, shi kuma yana kan tabarmarsa can gefe, wai yana jin labarai.

"Ga wata nan tahe, ku ba ta wuri," ta ce, yadda ta saba buɗe tatsuniya.

"Mun ba ta, Inna!"

Wai wata tsohuwa ce ta mutu ta bar wa 'ya'yanta biyu itacen wake. Babban ya ce inuwarsa ta tare masa wuri, ya sa gatari ya sare, ya gina zaure. Ƙaramin ya yi kuka har idonsa ya kumbura. Ya tsince ƙwayoyin da suka zuba, ya kai wa baduku aka ɗinke masa su cikin fata, ya rataya a wuya. Damina ta zo, ya ce ƙasar nan ba ta isa ta ga waken uwarsa ba. Wata daminar ta zo, ya ce awaki sun yi yawa bana. Duk wanda ya roƙe shi ƙwaya ɗaya sai ya dafe ƙirji ya ja baya. Ana nan fari ya sauka, gero ya ƙone, dawa ta ƙone. Mutanen gari suka tuna akwai wake mai jure ƙishi, suka taru a ƙofarsa. Ya farke fatar a gabansu, sai garin wake ya zubo, ƙwayoyin duk sun rududduge.

Inna ta gyara itace a wuta, ta dube mu.

"To, wa yak kashe waken?"

"Babban!" muka ce gaba ɗaya. Ni na fi kowa ɗaga murya, har da harara wajen tabarmar Baba.

"Kun dai hwaɗi," ta ce. "Ku tahi ku kwanta."

Ranar da magina za su fara, ita da kanta ta tsinke sauran kwanson. Ta gauraya irin da toka, ta ɗura a ɗan gora, ta liƙe bakin da laka, ta kira ni ta danƙa mini.

"Takwara, gora na ba ki aro. Abin da ac ciki na ƙasa na, ki mai da mata."

Na ce to. Damina biyu ta ƙara a duniya, a ɗakin da tagarsa ke kallon bangon 'yan haya. Ba ta daina tatsuniya ba, amma da itacen saye ake hura wutar, hannuwanmu kuma ba abin yi, sai barci ya riƙa kwashe mu tun ba ta kai rabi ba.

Goran nan ba inda bai bi ni ba. Ya je makarantar horon malamai a ƙasan akwatina, ya je gidan aurena a cikin kwalla. Ko 'ya'yana ban yarda su taɓa shi ba. Duk damina ina da dalili: gidan haya ne, ko'ina siminti ne, jego nake, bari mu yi namu. A duk shekarun nan ban daina riƙe Baba a zuciya ba. Ina gaishe shi, ina yi masa biyayya, amma a raina shi ne mai gatari.

Sai bayan shekara ashirin da wani abu, da muka gina namu a Runjin Sambo, na fasa lakar. Ƙwayoyin na nan lafiya lau, toka ta hana ƙwari, jajayensu da ɗigonsu kamar jiya aka ɓare. Na yi murna har da hawaye. Na shuka duka, na yi ta ban ruwa safe da yamma. Mako uku ko tsiro ɗaya. Da na tona, sun ruɓe. Na tambayi wani malamin gona, ya ce ai iri yana da rai, in ya daɗe bai ga ƙasa ba sai ya mutu a cikin ɓawonsa. Ban gaya wa kowa ba.

A shekarar ne Baba ya kwanta ciwon ajali. Ba abin da ke shiga bakinsa. Wata rana ya ce, "Uwani, waken Inna nika marmari."

"Yana nan, Baba," na ce.

Na bi kasuwa rumfa-rumfa har na samu waken Masar wurin masu kawo kaya daga kudu, fari mai tauri. Na dafa da man gyaɗa da albasa yadda take yi. Ya kai loma ɗaya, ya daɗe yana taunawa, ya ajiye cokali.

"Wanga ba shi na ba."

Na sunkuyar da kai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Ran da anka zuba siminti ban yi barci ba," ya ce. "Abu guda yas sanyaya min rai. Na ga ta ba ki gora. Nic ce ai iri na hannun takwara tata, bai ɓacewa."

Kwana tara bayan nan muka rasa shi.

Yanzu ni ce tsohuwar gida, jikoki na zuwa su ce in yi musu tatsuniya. Ina yi musu kowace iri, ban da wannan. Ba mantawa na yi ba. Na san in na kai ƙarshe dole in yi tambayar, su kuma za su ce babban, da ƙarfi, suna jin sun gane. Inna ba ta gyara mana ba, ina jin ta ɗauka shekaru za su gyara. Sun gyara kuwa, sai dai lokacin da na gane amsar babu sauran abin shukawa. Waken da ya tsira daga fari a hannun uwarta, ya tsira daga siminti a hannunta, a hannuna ya ƙare, ni da na fi kowa kuka a kansa.