Yadda Na Sayar wa Manoma Yashi

Ni ɗan Tsafe ne, daga gidan Kirista. Mahaifina manomi ne, kuma dattijo a 'yar majami'armu. Tun ina ƙarami nake da in'ina. Kafin in gama cewa "ina kwana" mutum ya amsa ya wuce. Na fi sa'o'ina iya karatu, amma wata Lahadi da Fasto ya ce in tashi in karanta Maganar Allah a gaban jama'a, harshena ya maƙale a kalmar farko. Aka tuntsire da dariya. Na ajiye na fita.

Da muka koma gida Baba ya ce, "Wanda ya yi maka harshen ya san abin da zai yi da shi. Ka koma."

Na ce a raina, Allah ba zai shirya komai da irina ba. Na daina zuwa sujada. Wautata ta farko ke nan: na raina kaina, har rainin ya kai ga Mahaliccina.

A tashar Gusau na haɗu da wani da muke kira Oga Manaja. Ƙaton banza ne, sai tumbi da turare, ba shi da sana'a sai cutar talaka. Ya saurare ni ya ce, "Kai, wanga baki naka jari ne. Mutane na ganin mai in'ina bai iya ƙarya." Ku ji fa, har daɗi na ji! Karon farko da aka yabe ni, kuma ɓarawo ne ya yi yabon.

Da farko mudu ɗaya muke ragewa daga buhun takin zamani mu sake ɗinke bakin. Daga baya muka koma cika rabin buhu da farin yashi. Ni nake tsayawa a kasuwar Bungudu ina rantsuwa da ƙyar, manoma suna tausaya mini suna saya. In sun juya baya mu kira su wawaye. Mu da ba mu iya noma ko kwano guda ba, muna zagin masu ciyar da mu. Tir da mu.

Wani dattijo, Malam Haruna na Karakkai, ya sayar da tunkiyarsa ya sayi taki a hannuna. Har ya dafa kafaɗata ya ce, "Bari wahal da bakinka, yaro, na yarda." Masararsa ta tsaya iya gwiwa ta ƙone. Shi ya gane ni a kasuwa ya yi kururuwa. Oga Manaja, jarumin baki, ya haye babur ya bar ni a hannun 'yan sanda. Alƙali ya tura ni gidan yari a Gusau.

A ciki mu Kirista kaɗan ne, muna taruwa gindin katanga ranar Lahadi. Faston da ke zuwa mana ya daina saboda hanya ta lalace da 'yan bindiga. Wani tsohon fursuna, Baba Ishaku, wanda idonsa ya dushe, ya miƙo mini Littafi Mai Tsarki in karanta musu.

Na ce, "Baba, ban isa ba. Ga sata, ga baki."

Ya ce, "Wa ya tambaye ka ko ka isa? Nan akwai mai sauri ne? Ina za mu? Karanta."

Na karanta. Na yi ta tuntuɓe, gumi na zuba, amma ba wanda ya motsa. Wani da aka ɗaure kan kisa ya rufe fuska yana kuka. In'ina ba ta bar ni ba har yau, sai dai ranar na gane Yesu bai jira na gyaru ba kafin ya neme ni. Ni ne na yi ta gudu. Na durƙusa na tuba, kuma na ci gaba da karanta musu har aka sake ni.

Da na fito, Karakkai na fara zuwa. Na nemi gafarar Malam Haruna, ya dube ni ya ce, "Na yafe maka don Allah. Amma ka sani, waccan shekara 'ya'yana dusa suka ci." Na roƙi fartanya, na yi masa noma duk daminar.

Matasa, jin cewa ba ku isa ba ba tawali'u ba ne in ya hana ku amsa kiran Allah. Girman kai ne ya sa tsumma. Ku miƙa masa abin da kuke jin kunyarsa, ku bar masa sauran. In kun ƙi, akwai 'yan iska zaune a kowace tasha suna leƙen fuskar wanda ya raina kansa, kuma sun fi ku sanin yadda ake amfani da shi.