Layin Waakye a Maamobi

Teburin waakye da ke bakin kwata a Maamobi na mahaifiyata ne, kuma tun ina yarinya layinsa ke ba ni haushi. Shinkafa da wake ne fa kawai, da karan dafi ya ba su launi, amma mutane su jeru har inda trotro ke sauke fasinja. Mma kuwa ba ta san sauri ba. Ta ɗebo, ta ajiye ludayi, ta tambayi mutum ya jikin kakarsa, sannan ta fara laluben cokalin shito, soyayyen yajin da ake zubawa a kai.

Da ƙarfinta ya ragu ta bar mini teburin, na ce yau za a ga aiki. Ganda a yanke tun a gida, gari da taliya a ƙulle, ƙwai a ɓare. Kafin mutum ya gama sallama abincinsa na hannunsa. Ba a jima ba na kashe layin nan murus, har ina yi wa kaina kirari.

Sai tukunya ta daina ƙarewa. Abin da ya rage a gida ake cinyewa, kuma 'yan gidanmu sun ci waakye har suka koma gaishe ni daga nesa. Na canza shinkafa, na ƙara barkono, na zargi mai sayar da tuwon dokunu ta gefena da hassada. Tsoro ya kama ni sosai, don teburin nan shi ya ciyar da mu duka, ga shi zai mutu a hannuna.

Wata safiya wani direban trotro, tsohon mai sayen waakyen Mma, ya leƙo.

"Ei, Anti, kina nan? Mun ce ko an rufe ne. Ba layi, ba kowa. Waakye da ba layi, wa zai ci?"

Na sallame shi da fara'a, na zage shi a zuci. Amma na duba tsallaken titi: wata mai waakye da shitonta ruwa-ruwa ne, ga mutane sun tsaya mata cikin rana.

Na koma gida na tarar da Mma a kan tabarma. Na ce, "Mma, ashe jan layin nan dabara ce? Shi ne ba ki gaya mini ba?"

Ta ce, "Wace dabara? Hannu ke ciwo. In na ɗaga ludayi sai na huta. Ba zan tsaya ina kallon mutum shiru ba, sai in tambaye shi gida."

"Tun yaushe?"

"Tun kina makaranta."

Na kama hannun. Yatsun sun kumbura, ba sa miƙewa. Tausayinta ya cika ni. Na ce gobe sai asibiti.

Ta zare hannunta ta ce, "Je ki jiƙa wake tukuna. Kuma gobe kar ki ɓare ƙwan tun a gida."