Ƙaryar da Ta Bi Kaka Har Makka

Jiya ina kakkaɓe tsohuwar adakar gidanmu na Getso, sai wani ɗan hoto ya faɗo daga cikin tsumma. Kakata ce, fuska a ɗaure kamar wadda aka yi wa rasuwa. Wanda bai san ta ba zai ce mafaɗaciya ce. Ba halinta ba ne, laifina ne.

Shekarar da za ta aikin hajji, bayan an gama yankan gero, Baba ya ce in raka ta Gwarzo a ɗauki hoton fasfo. Kunnenta ya yi nauyi, ni nake maimaita mata magana. Mai hoto ya zaunar da ita gaban farin ƙyalle, ya ce ta rufe baki, ba a murmushi a irin wannan hoton. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ni kuwa da tsokanar jika, na sunkuya na ce mata dokar can ƙasar ce: duk wanda askarawa suka ga haƙoransa, a jirgi za a juyo da shi bai ga Ka'aba ba. Ban zaci za ta riƙe maganar ba.

Ta dawo lafiya, gida ya cika da 'yan barka da ƙamshin turare. Da jama'a suka ragu, take ba mu labarin wata tsohuwa 'yar wata ƙasa da ta riƙe hannunta a ɗawafi, kullum ta kawo mata ruwa tana murmushi. Babu harshen da ya haɗa su. Kaka ta ce har suka rabu ba ta mayar mata da murmushin nan ko sau ɗaya ba, saboda tsoro, kuma abin yana damun ta.

Kwana uku ina juya zancen kafin na durƙusa na faɗa mata gaskiya, da ƙarfi don ta ji, har matan gida suka jiyo. Sai dariya ta ƙwace mata.

"Ja'iri, wannan mijin nawa ba na arziki ba ne. Ni na yafe. Amma baiwar Allahn nan, kai za ka riƙa yi mata addu'a."

Har yau ina yi, ban san sunanta ba. Yanzu na'ura ke ɗaukar hoton a ofis, dokar rufe baki a hoto kuma tana nan. In dattijo ya zo mana sallama zai tafi aikin hajji, nakan matsa kusa da kunnensa in ce rufe bakin na hoto ne kawai, in ya sauka ya saki fuskarsa.