Yaɓen da Ya Hana Murhu Shiga

Wata Asabar, mako guda bayan ƙaramar Sallar 2004, Baba ya shigo gidanmu na Sharaɗa yana tura baro, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. A cikin baron akwai baƙin murhun ƙarfe mai 'yar ƙofa da dogon bututu. Baba mai walda ne a wani kamfani, wata biyu ya yi yana haɗa murhun in an tashi daga aiki. Saboda Umma ya yi shi. Ita ke dafa shinkafa da waken da ma'aikata ke saye da rana, hayaƙin itace ya kama mata ƙirji, har likita ya ce ko ta rabu da hayaƙi ko ta rabu da girki. Umma kuwa ta ce girki ba inda za shi.

Tsohon murhunmu na tubali ne, marigayi kakanmu ya gina shi a jikin bangon madafa. Iya, mahaifiyar Baba, ta riga ta kafa doka: "A zura ƙarfen a ciki in ana so, amma duk wanda ya fasa min tubali ɗaya ban yafe ba." Shi ya sa tun kafin azumi Baba ya auna cikinsa da igiya.

Aka ɗaga, aka tura, aka karkata, ƙarfe ya ce bai san zance ba. Ya fi ramin faɗi da kamar yatsa uku. Baba ya ciro igiyarsa ya sake gwadawa yana salati, ni kuwa nan take na gane dalili. A gidanmu duk jajiberin Sallah mata kan yi wa murhu sabon yaɓe da jar ƙasa, abin da maza ba su ma san ana yi ba. A shekarar aka fara ba ni aikin, ina da shekara goma sha ɗaya, kuma don neman yabo na lafta ƙasa kamar mai ginin rumbu. Baba ya ce sai ya mayar ya yanke, aikin wata guda ke nan. Daga ɗaki na jiyo tarin Umma, irin wanda ke durƙusar da ita. Na ce a ba ni zuwa gobe.

Da tsohon cokali da guntuwar fartanya na shiga kankare yaɓen. Iya ta jawo kujera ta zauna gadin tubalinta, tana tsokanata: "Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa." Ƙawayena suka zo kirana wasan 'yar gala-gala, ban ko ɗago ba. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, na ɗaure da tsumma na ci gaba. A ƙarƙashin yaɓena na tarar da na Umma, a ƙarƙashinsa kuma wani mai duhu da shatin yatsu. Na tsaya. Iya ta leƙa, sannan ta ce, "Nawa ne, ina amarya. Kankare, ƙasa ce."

Ranar Lahadi bayan la'asar murhu ya shige daram. Baba ya huda kwanon rufi ya fitar da bututun, muka toshe gefe da laka, Umma ta hura wuta. Duk muka fita tsakar gida muna kallon hayaƙi yana tashi ta saman rufi. Can sai muka ji waƙa daga madafa, a hankali, ana tuƙa tuwo. Tun da na yi wayo, sai ranar na san uwata tana da murya, kuma na yi kuka ba kunya.

Yau a Ɗorayi nake, gas nake murɗawa, 'ya'yana ba su san yajin hayaƙi a ido ba. Umma ta ƙara shekara goma sha shida tana girki kafin Allah ya karɓi abarsa. Wani lokaci in ina tuƙa tuwo nakan kashe rediyo, in ɗan saurara.