Ranar da Hannun Mai Katafila Ya Ci Amanarsa

Ranar da aka kawo aikin kwata layinmu, Mai Katafila ya sha kunyar da bai taɓa sha ba. Ya cika bokitin injin da laka baƙa ƙirin, ya ja liba don ya ɗaga sama, sai hannun injin ya miƙe gaba, lakar ta tuntsure kaf a kan babur ɗin surukinsa. Shi kuwa tsohon takanas ya zo don ya ga mijin 'yarsa a bakin aiki.

"Sannu da ƙoƙari," in ji surukin, yana goge madubi da gefen riga.

Mutumin da ya shekara ashirin da biyu a kan inji ke nan fa! Ya tuƙa mai sarƙa, wadda ke cinye tudu ta haƙa gindin bene. Ya tuƙa mai dogon hannu, yana daga gaɓa yana yashe kogi. Ya yi shekara uku a kan mai guduma yana fasa dutse, shi ya sa har yau sai ka ɗaga murya yake jin gaisuwa. Mai taya ma, ta kan kwalta, raina ta yake yi, wai ta masu son jiki ce.

Kwatsam kamfani ya koma aikin lungu, inda babbar katafila ba ta shiga. Aka yi hayar wata 'yar mitsitsiya, in ya zauna a ciki gwiwarsa na gaisawa da haɓarsa. Babban abin takaici, libobinta a juye suke: wadda ke ɗagawa a babba, a nan ita ke miƙawa. Kai ya gane, hannu ya ce bai san zancen ba.

Injiniya ya ba shi kwana uku. In bai saba ba, akwai sabon direba mai takardar shaida yana jira.

'Yan layi kuwa abin nema ya samu. Tela ya leƙo ya ce, "Maigida, in ka gama da keken wasan, jikana na so ya ɗana." Mai aski ya kwashe bencinsa ya kai can nesa, yana cewa rigakafi ya fi magani. A gida ma ba sauƙi. "Baban yara," in ji matarsa, "ashe duk labarin duwatsun nan da kake ba mu, da baki ka fasa su?"

Shi dai ya duƙufa kan libobinsa. Yana ja yana tsaki, yana magana da hannayensa kamar mai lallashin jaki.

A rana ta uku ya iso gaban shagon tela, sai ya rage gudu, yana ɗebo ƙasa kaɗan-kaɗan kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Injiniya ya duba agogo, ya kira sabon direban da hannu, sannan ya ɗaga wa Mai Katafila murya.

"Baba, wannan ai tafiyar hawainiya ce. Ko dai tsufa ya zo ne? Sauko a gwada wani."

Mai Katafila ya kashe inji, ya sauko da ƙyar, ya miƙa wa injiniya makulli.

"Ga shi, ranka ya daɗe. Bututun ruwan unguwa na nan ƙasan bokitin, taƙi ɗaya ya rage, tun ɗazu nake jin sa a tafin hannuna. Taswirarka ta ce yana tsallaken titi. Ka ba mai takardar ya haƙa da sauri, amma ku tuɓe takalma tukuna."