Taɓarya a Kan Gardi

Jama'a, yau na rotsa kan ɗana da hannuna!

Da hantsi ina daka, sai ga gardi, dogarin Kumandan mai mulkin gari, a ƙofar gida, da jar hula da uban gemu. Kun san ɗibar soja ake yi a Madawa. Na tura babban ɗana Illa cikin rumbu.

Gardi ya ce, "Ina Illa? Kumandan na kira."

Na sauke mishi taɓarya. Ya faɗi, gemun ya cire, gashin akuya ne.

"Inna, ni ne, Sani."

Ashe ƙungiyarsu ta wasan kwaikwayo a lekol, makarantar boko, ta ba autana Sani kayan gardi, ya zo gwada mani.

Jinin ya ƙi tsayawa. Don Allah wa ke da jaki mu kai shi likita?